New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo: bakin Arewa ne, ko bakin masu mulkin Arewa?

Dan_Kanwuri:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Duk sanda aka tayar da zancen New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, sai ka ji dattawanmu na cewa Arewa ta yi rashin baki. Ni kuwa abin da na gani a tarihi, jaridun nan biyu tun ranar haihuwarsu na hukuma ne. Gaskiya, Turawan mulki suka kafa ta a Zariya a 1939. New Nigerian kuma gwamnatin Sardauna ta kafa ta a Kaduna a 1966. Jaridu ne na masu ra'ayin riƙau, masu kare sarauta da En'e da jam'iyyar da ke kan mulki. To bakin wa aka rasa? Na talakan Sakkwato da ke biyan haraji da jangali, ko na manyan ma'aikatan Kaduna? Ba da raini nake tambaya ba, so nake waɗanda suka rayu da jaridun su faɗa mana.

Malam_Gawon_Nama:
Wa alaikumus salam. Tambayarka ta yi kyau, amma ka haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Gaskiya ta girmi New Nigerian da shekara 27, kuma abin da ya haifar da kowaccensu daban ne. Gaskiya ta fara fita a Janairun 1939 daga ofishin talifi na Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. Lokacin duniya na gab da shiga yaƙin Hitila, jita-jita ta cika gari, har ana cewa za a miƙa wa Jamus ƙasar nan. Turawa suna son wata kafa da za su riƙa faɗa wa mutane labari da Hausa. Wata-wata take fita da farko, kuɗinta kwabo ɗaya. A 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, a 1948 kamfanin ya fara buga Nigerian Citizen da Turanci. Wannan Citizen ɗin ce ta riƙa kare gwamnatin NPC, jam'iyyar Sardauna, har zuwa 1965, kuma ita New Nigerian ta gada. Kenan in za a yi maganar jaridar jam'iyya, Citizen ta fi cancanta da sunan.

Baba_Rijiyar_Dorowa:
Ɗana Dan_Kanwuri, bari in gaya maka yadda munka san jaridar ga. Kun san jirgin ƙasa bai taɓa zakkuwa Sakkwato ba, Ƙauran Namoda ya tsaya. Saboda haka mota ka kawo ta, ta biyo Zariya, Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara, kahin ta iso muna. Wani lokaci labarin ya kwana biyu hanya, amma wurinmu sabo na. Unguwarmu wani malamin makaranta ka sayen ta. Bayan la'asar sai shi zamna bisa dakali ƙofar zaure, shi buɗe ta, shi ɗaga murya. Maɗunka su aje allura, masu saƙar tabarma su matso, har mai ruwa shi aje garwa shi tsaya. In ya karanta wani wuri sai dattawa su ce mai da muna baya, shi koma. In anka gama sai gardama ta tashi har a kira magariba. Gobe jaridar tana hannun wani, jibi hannun wani, sai ta yi laushi ta yage wurin ninki, sannan ta ƙare wurin mai tsire. Mutanen da ka zama bisa dakalin nan ba sarakuna ba ne, ba ma'aikatan Kaduna ba ne. Talakawa na. Ko mi anka yi nufi da ita can sama, mu nan ƙasa da ita munka san akwai wata duniya bayan Gusau.

Hajiya_Mabera:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi kamar ina gani.

Dan_Kanwuri:
Baba, Allah ya ja da ranka, na ji kuma na yarda talaka ya saurare ta. Amma sauraro daban, a ji muryarka a ciki daban. Mai ruwan da ya aje garwa, in dogarin hakimi ya zalunce shi, jaridar za ta buga?

Sawaba_Har_Gobe:
Ba za ta buga ba! Wannan shi ne maganar. A shekarun 1950 'yan NEPU, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai na En'e saboda kawai sun yi taro ko sun ambaci sunan sarki ba yadda ake so ba. Wa ya tsaya musu? Jaridar Comet ta Zik (Nnamdi Azikiwe) da ke fita a Kano ita ta fi ba su fili. Citizen kuwa aikinta ta nuna su a matsayin marasa kunya masu raina manya. Kar mu yi wa tarihi kwalliya don muna kewar zamanin.

Malam_Gawon_Nama:
Sawaba_Har_Gobe, game da Citizen ban musa maka ba. Amma Gaskiya ta zamanin Imam ba haka kawai take ba. Shafin wasiƙunta shi ne wuri na farko da ɗan Arewa mai ilmin boko ya samu ya rubuta kukansa da harshensa, mutanen larduna duka su karanta. Malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti suna rubutowa kan cin hanci, kan halin 'yan doka, kan ƙarancin makarantu. Imam kansa a sharhinsa ya sha taɓa En'e. Kuma a 1943, da aka kai editocin Afirka ta Yamma Ingila, yana cikin tawagar tare da Zik. Ya ƙi sa hannu a takardar da Zik ya tsara ta neman mulkin kai, wannan gaskiya ne, masu sukarsa na riƙe da shi har yau. Amma a tafiyar nan ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya kuma rubuta masa wasiƙu yana zayyana illolin mulkin En'e da yadda aka danne matasa masu ilmi. Ra'ayinsa a gyara gidan daga ciki, kada a rushe shi. Malam Aminu Kano na ganin gidan ya ruɓe. Dukansu biyu suna cikin waɗanda suka yi Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, kafin hanya ta rabu a 1950.

Sawaba_Har_Gobe:
Gyara daga ciki, amma hakimi na nan, dogari na nan, haraji na nan. Sai da jam'iyyar PRP ta su Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna a 1979 sannan aka soke haraji a can. Shekara 40 kenan bayan an fara gyaran daga ciki.

Ummu_Arkilla:
Ni abin da ke damuna da wannan hirar, ana magana kamar kafin 1939 mutanenmu ba su karatu. Nan Sakkwato fa ake magana. Garin Shehu da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Bello, waɗanda suka bar ɗaruruwan littattafai. Nana Asma'u ta tsara 'yan taru, jajis, wato shugabanninsu mata, suna zuwa daga ƙauyuka su koyi waƙoƙin ilmi su koma su koyar da mata, tun ƙarni na 19. Kakata ba ta san baƙin boko ko ɗaya ba, amma tana karanta wasiƙar ajami tas. Da jarida ta zo da boko, sai aka wayi gari irinsu sun koma cikin waɗanda ake kira jahilai, har ana yaƙi da jahilcinsu. In jaridar mazan jiya ce da gaske, me ya sa ba ta riƙe rubutun da ta tarar ba?

Akawu_Mai_Ritaya:
Hajiya Ummu, maganarki na da nauyi. Sai dai su ma sun lura da haka. A lokacin yaƙin duniya na biyu an riƙa fitar da wata 'yar takarda da ajami mai suna 'Yar Gaskiya, don waɗanda ba su iya boko ba. Ba ta yi ƙarko ba dai. Daga baya kamfanin Triumph na Kano, wanda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, ya fitar da Alfijir da ajami. Abin lura a nan, gwamnatin 'yan sauyi ce ta yi wa ajami wannan hidimar.

Ummu_Arkilla:
To ka gani. Na gode Baba Akawu.

Bazamfare_77:
Tunda an zo nan, a tuna mana da Zaruma. Mutane da yawa ba su san lardin Sakkwato ya taɓa samun jaridarsa ta Hausa ba. A shekarun 1950, lokacin yaƙi da jahilci, hukumar buga littattafai ta Arewa, NORLA, da ke Zariya ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu: Zaruma ta Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zazzau, Albishir ta Barno. Wanda ya gama ajin manya ya samu abin karantawa kada karatun ya zube. Da NORLA ta rushe a 1959 sai abin ya bi ruwa. Akwai wanda ya taɓa riƙe Zaruma a hannunsa cikin zauren nan?

Baba_Rijiyar_Dorowa:
Na gane ta ina yaro, wurin wani kawuna da ya yi ajin yaƙi da jahilci. Cikin akwatin ƙarhe shika aje ta tare da takardar shaidar da anka ba shi. Ba shi bari mu taɓa.

Dr_Dundaye:
Bari in dawo da mu kan New Nigerian, domin a nan ne nake ganin Dan_Kanwuri bai yi mata adalci ba. Ta fara fita ranar 1 ga Janairu 1966. Ranar 15 ga wannan watan aka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna, aka kashe Tafawa Ɓalewa a Legas. Mako biyu kacal ta yi a ƙarƙashin wanda ya kafa ta. NPC ɗin da ake cewa za ta yi wa aiki, soja sun rushe ta. Saboda haka jaridar ta tashi marainiya, ba jam'iyya, ba Firimiya, kuma wannan maraicin shi ya ba ta halinta. Baturen da ya tsara ta, Charles Sharp, ya kawo injin bugu na zamani wanda hotunansa suka fi na jaridun Legas fita. Cikin shekarar Adamu Ciroma ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe kujerar edita, bayansa Mamman Daura, bayansa Turi Muhammadu. Matasa ne masu digiri a lokacin da masu digiri a Arewa ba su da yawa. A fitowarta ta farko ta faɗa ƙarara cewa ita jaridar Arewa ce, za ta tsaya wa muradun Arewa, kuma ba za ta nemi gafarar kowa a kan haka ba. Sharhinta a shafin farko yake, siririn layi a gefen hagu, kuma har a barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa na soja a Legas, ana karanta shi da safe. Gwamnati ce ke da ita, amma gwamnonin soja da kwamishinoni sun sha jin zafinta. Ga kuma shafin Candido na ranar Laraba, wanda ba a bayyana mai rubuta shi, yana tona abin da manya ke yi a ɓoye. Ra'ayin riƙau, na yarda. Amma 'yar amshin shata, a shekarunta goma na farko, a'a.

Dan_Kanwuri:
Dokta, na karɓi batun mako biyun, hujja ce mai ƙarfi. Amma ka duba sunayen da ka lissafa. Adamu Ciroma daga nan ya zama gwamnan Babban Banki a 1975, ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar NPN, ya yi minista. Mamman Daura kowa ya san matsayinsa. Waɗannan ai su ne ake kira Kaduna Mafia. In sun soki gwamna, faɗan manya ne tsakaninsu.

Dr_Dundaye:
Faɗan manya ne a wani ɓangaren, ban ƙi ba. Amma ka tambayi kanka me manyan ke faɗa a kai. Guraben 'yan Arewa a aikin tarayya da soja, rabon arzikin ƙasa, ƙidayar jama'a, yawan makarantu, wurin da za a kafa masana'antu. Yaron da ya fito daga Gwadabawa ko Yabo ya samu gurbi a jami'a ko a ma'aikatar tarayya a shekarun 1970, yana cin moriyar wannan faɗan ko bai taɓa buɗe jaridar ba. Jaridun Legas ba za su yi masa wannan faɗan ba, ai su a ganinsu tsarin rabon gurabe zalunci ne.

Sawaba_Har_Gobe:
Yaron da ya samu gurbin, ɗan wa ne? A je a duba. Yawanci ɗan hakimi ne ko ɗan alƙali ko ɗan ma'aikacin En'e.

Akawu_Mai_Ritaya:
A nan kam ban bi ka ba, Sawaba. Ni ɗan manomi ne. A zamaninmu masu unguwanni kama yara suke yi a kai makaranta, kuma sau da yawa masu hali ɓoye nasu suke yi a tura 'ya'yan talakawa. Ajinmu 'ya'yan manoma da maƙera da masunta sun fi yawa. Da na fara aiki a sakatariya zamanin Jihar Arewa maso Yamma, lokacin Usman Faruk na gwamna, New Nigerian ce ke zuwa ofis. Sai babban sakatare ya gama da ita, ta sauko wurin mataimakinsa, ta iso mana wajen azahar da alamar jan biro a wuraren da ya ja layi. Mu kuma shafin neman ma'aikata da na tallafin karatu muke fara dubawa. A nan na ga sanarwar kwas ɗin da ya ɗaga ni daga ƙaramin akawu. Turancina ma rabinsa daga sharhin nan na gefen hagu na koya, da ƙamus a gefe.

Nasiru_Runjin_Sambo:
Ku yi haƙuri iyayena, ni ɗan bayan 1990 ne, ban taɓa ganin ta a hannun mai talla ba. Tambayata, in tana da ƙarfi haka, me ya kashe ta?

Malam_Gawon_Nama:
Ba rana ɗaya ta mutu ba, Nasiru. Da Gowon ya raba Arewa jihohi shida a 1967, jaridar ta koma ƙarƙashin hukumar da ke kula da kadarorin haɗin gwiwa na jihohin. A 1973 ta buɗe wurin bugu a Legas, tana fita Kaduna da Legas a rana ɗaya, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe ta gaba ɗaya, ta kuma karɓi kashi 60 na Daily Times. Daga nan mai naɗa shugabanta da editanta yana Legas. Duk gwamnatin da ta zo sai ta sa nata. Mai karatu kuwa ba wawa ba ne, in ya ga jarida ta koma yabon duk wanda ke sama sai ya daina fitar da kuɗinsa. Ga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 ya karya naira, takardar bugu da tawada da kayan gyaran inji duk daga waje ake sayo su, masana'antar takarda ta Oku Iboku ma ta tsaya a shekarun 1990. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta mayar wa jihohin Arewa 19 da ita. Bayan 'yan shekaru ta daina fitowa kan titi, Gaskiya ma ta bi ta, alhali a da har sau uku take fita a mako. Tsoffin ma'aikatanta sun yi shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, jaridu sun sha bugawa.

Hajiya_Mabera:
Gwamna 19 sun kasa riƙe jarida ɗaya. Akuyar gayya ce ta zama, kowa na cewa wani zai ba ta dusa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tsofaffin da suka ba ta ƙuruciyarsu, wasu sun rasu ba su karɓi haƙƙinsu ba. Allah ya jiƙansu.

Bazamfare_77:
Amin. Amma Malam ka bar abu ɗaya: gasa. Da can ita kaɗai ce a fili. Daga baya ga Triumph a Kano, ga Democrat da Today a Kaduna, ga mujallar Citizen da Mohammed Haruna da abokansa suka kafa a 1990 bayan ya bar shugabancin New Nigerian. Sai Weekly Trust a 1998, Daily Trust a 2001, Aminiya a 2006. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara waɗannan a New Nigerian suka koyi aiki. Har Newswatch ta Legas, biyu daga cikin mutum huɗun da suka kafa ta, Dan Agbese da Yakubu Mohammed, daga can suka fito. Agbese mutumin Binuwai ne, Kirista, kuma ya yi editan New Nigerian. Wannan ma amsa ce ga masu cewa jaridar Hausa-Fulani ce zalla.

Almajirin_Hubbare:
Salamu alaikum. Ina bin hirar ga tun ɗazu. Kowa na ta cewa mazan jiya, mazan jiya, amma ku tuna a farkon shekarun 1970 cikin Gaskiya Ta Fi Kwabo anka riƙa buga rubuce-rubucen Malam Abubakar Gumi da ka sukar wasu ayyukan ɗariƙu, malaman Ƙadiriyya da Tijjaniyya suna mai da martani. Ga mutanen garin ga, inda Ƙadiriyya ta kahu tun zamanin Shehu, wanga ba riƙon jiya ba ne, sabon abu na da ya girgiza gidaje. Ba ina son in tada gardamar aƙida ba, kowa ya san inda ya tsaya. Ina nuna cewa jaridar ta ɗauko abin da ya saɓa ma abin da manyan gari sunka saba.

Admin_Zaure:
Jama'a a lura, batun aƙida a tsaya iya tarihin jaridar kamar yadda Almajirin_Hubbare ya yi. Duk wanda ya wuce nan za a goge.

Dr_Dundaye:
Batun da Almajiri ya kawo yana da muhimmanci. Malam Gumi shi ma ɗan lardin Sakkwato ne, kuma ya fahimci ƙarfin jarida da rediyo tun da wuri, ga tafsirinsa a Rediyon Kaduna. Wannan ya nuna masu ra'ayin riƙau na Kaduna da masu riƙe da gargajiya na Sakkwato ba abu ɗaya ba ne. Na Kaduna 'yan boko ne masu son Arewa ta zama dunƙulalliya ta kuma kamo Kudu. Inda suka haɗu da kowa shi ne muhawarar shari'a a majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978, lokacin da New Nigerian ta tsaya tsayin daka kan a kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta tarayya.

Yakubu_Zuru:
Ni ma bari in sa baki, a matsayina na ɗan tsohuwar Jihar Sakkwato da ba Bahaushe ba kuma ba Musulmi ba. Mahaifina soja ne, yana sayen New Nigerian, yana alfahari da ita a matsayin jaridarmu ta Arewa. Amma lokacin muhawarar da Dokta ya ambata, da lokacin rikicin shiga OIC, ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a 1986, mutanenmu da yawa sun ji kamar Arewar da take karewa ba ta haɗa da su ba. Sannan akwai 1966. Bayan dokar Ironsi mai lamba 34 da ta soke tsarin yankuna a watan Mayu, an yi kashe-kashe a garuruwan Arewa, kuma marubuta tarihi da dama sun zargi Gaskiya da rura wutar. Wasu sun ce ta faɗi abin da ke zukatan mutane ne kawai. Ko wanne ne, bai kamata a tsallake shi ba in ana ba da tarihinta.

Malam_Gawon_Nama:
Gaskiya ne Malam Yakubu, ba za a tsallake ba. An kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, kuma duk wanda ya riƙe alƙalami a lokacin yana da tambayar da zai amsa. Abin da ya dace, ɗalibanmu su je su karanta fitowar watannin nan da idonsu, su daina dogara da abin da wani ya ce wani ya ce. Ana samun tsoffin fitowa a Gidan Arewa da ke Kaduna da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke can.

Nasiru_Runjin_Sambo:
A nan Sakkwato fa? Ba kowa ke da kuɗin motar Kaduna ba.

Ummu_Arkilla:
Ka fara da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, sannan ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a jami'a, ka tambayi sashen tsoffin jaridu. Ka kuma tambayi tsofaffin gidanku. Za ka yi mamakin abin da ke cikin akwatunan ƙarfe a ɗakunan kakanni, irin na kawun Baba. Gara da ɗigon damina ne ke cinye su.

Baba_Rijiyar_Dorowa:
Ku kuma tuna rediyo ya hi jarida ƙarhi garin ga nesa ba kusa ba. Da akwatin rediyo mai batir ya yawaita, ga Kaduna ga BBC ga Rima, dakalin nan da ni gaya muku ya watse sannu-sannu. Mi za ka jira motar Gusau, labari ya riga ya iso tun da asuba? Ba gwamnoni kaɗai sunka kashe Gaskiya ba, mu ma mun daina saye.

Sawaba_Har_Gobe:
Baba ya faɗi gaskiya. Kuma jaridar jiha da muke da ita, The Path, ita ma ta gwamnati ce. Ni har yanzu ban ga jaridar hukuma da za ta tsaya wa manomin yankin madatsar ruwan Bakolori a 1980, ranar da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa mutane wuta kan sun nemi diyyar gonakinsu, kamar yadda za ta tsaya wa babban sakataren da aka hana ƙarin girma ba. Shugaban ƙasa a lokacin ɗan jihar nan ne, gwamna ɗan NPN ne, jaridar kuma ta tarayya ce.

Dr_Dundaye:
Sawaba, wannan sai an ɗauko fitowar watan Afrilun 1980 an duba abin da ta rubuta kafin a yanke mata hukunci. Ni zan je Kaduna bayan sallah, zan nema in ɗauko hoton shafukan in sa a nan kowa ya karanta.

Dan_Kanwuri:
Madalla Dokta, muna jira. Ni dai har yanzu ina kan cewa jaridun manya ne, sai dai bayanin Baba da na Baba Akawu ya nuna min talaka ya ci moriyarsu ta hanyar da ban lissafa ba. Abin da ban samu amsarsa ba shi ne na mai ruwan nan da dogarin hakimi. Malam_Gawon_Nama ya ce shafin wasiƙu ya ɗauki koke-koke, amma masu rubuta wasiƙun malamai ne da akawuna.

Akawu_Mai_Ritaya:
Akwai masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya da bakin kotu, ka biya su su rubuta maka. Wanda bai iya boko ba ta nan yake bi. Ko editan zai buga, wannan kuma wata magana ce.

Hajiya_Mabera:
Dokta, in ka je Kadunan don Allah ka duba mana har da shafin mata na Gaskiya, a ga su wa ke rubutu a ciki da abin da suke cewa. Tun ɗazu sunayen maza kawai ake ta lissafawa.

Bazamfare_77:
Da Zaruma, in akwai ko fitowa ɗaya ce.